Gyaran Bakin Masai: Jan Hankali Ga Magidantan Damri

Jama'a, lafiyar masai tana ga bakinsa. Wurin nan da rami ko bututu ya haɗu da daɓen siminti, nan ɓarna ke farawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ta tsagar bakin masai ƙuda ke shiga, ya fito ya sauka a kan tuwon yara.

Me ya sa abin ya shafe mu?

Ƙasarmu ta Bakura da Talata Mafara da Maradun ƙasa ce mai ruwa. Gulbin Sakkwato ya ratsa ta, ga kuma ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, yana shayar da gonaki. Da damina ƙasa kan jiƙe ta zauna, daɓe ya tsage. Daga nan ruwan buta da na wanka su riƙa bin tsagar suna zaizaye bakin rami ta ƙasa, har ranar da zai rufta da mutum. Kada kuma mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021, wadda Zamfara na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ta ƙazantar bayan gida cutar ke yaɗuwa.

Yadda ake gyara

1. A yi aikin da rani, lokacin da ƙasa ta bushe.

2. A duba daɓen tukuna. In tsagar ta ratsa shi gaba ɗaya, ko yana motsi in an taka, faci ba zai yi ba. A kira magini ya zuba sabo da rodi.

3. In bakin kaɗai ya lalace, a sassare simintin da ya ruɓe har a kai ga mai ƙarfi. A toshe ramin da tsohon buhu don kada ɓaraguzai su faɗa cikin bututu.

4. A share ƙura, a jiƙa wurin, domin sabon siminti ba ya kama busasshen daɓe.

5. A kwaɓa awo 1 na siminti, 2 na yashi mai tsafta, 4 na tsakuwa. Kada a cika ruwa.

6. A zaunar da sabon kwano ko bututu daidai, a ɗan karkata daɓen wajen ramin don kada ruwa ya kwanta.

7. A cire buhun, a riƙa yayyafa wa aikin ruwa har kwana 7 kafin a hau.

Gargaɗi

Kada kowa ya shiga ramin masai, iskar cikinsa tana kisa. A yi wa baki murfi mai mariƙi, a sa raga a kan bututun iska. Mai haƙa sabon rami ya nisanta shi da rijiya da mita 30. A ajiye sabulu ko toka a ƙofa don wanke hannu.

A da, tsoron duba-gari ke sa a gyara. A 2022 kuwa Jigawa ta zama jiha ta farko a ƙasar nan da aka tabbatar ta rabu da bahaya a fili; mu ma mu yi koyi da ita. Masu unguwanni da limamai, ku tunatar da jama'a. Maigida, je ka duba naka yau, tun kafin ruwan fari ya sauka.