Darasin Kasuwanci: Ko Ya Dace Ɗan Kasuwar Ƙofar Wambai Ya Mallaki Manhajar Kansa?

Tun shekarar 2001 da wayar salula ta shigo Nijeriya, ciniki a birnin Bauchi ya sauya salo. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin naira, ya tilasta wa 'yan kasuwa, tun daga Ƙofar Wambai har kasuwannin Wunti da Muda Lawal, karɓar kuɗi ta waya. Abin nazari a yau shi ne ko ya kamata ɗan kasuwa ya sa a ƙera masa manhajar da ta keɓanta da harkarsa.

Amfani na farko shi ne lissafi. Manhaja takan nuna wa mai shago abin da ya shiga sito, da abin da ya fita, da wanda ake bi bashi, ko da ba ya nan. Na biyu, abokin ciniki daga Azare ko Ningi zai ga farashi, ya biya ta kafofi irin su Paystack ko Flutterwave, a ɗora masa kaya a tasha. Na uku, ana iya tsara ta da Hausa domin yaran shago.

Sai dai akwai ɗawainiya. Kamfanin Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin a sanya manhaja a rumbunsa, Apple kuwa dala 99 kowace shekara. Wannan kaɗan ne. Babban nauyi shi ne ladan mai ƙerawa, da gyara a kai a kai, da hayar ma'ajiyar bayanai wadda galibi da dala ake biya, alhali darajar naira ta faɗi ƙwarai tun watan Yunin 2023. A watan Janairun 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 kan kuɗin kira da data. Haka nan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara sunaye da lambobin mutane alhakin tsare su.

Saboda haka, kafin ka zuba jari, fara da WhatsApp Business, wadda kyauta ce, ka ga ko abokan cinikinka za su saba da yin oda ta waya. In ka yanke shawarar ƙera taka, nemi ƙwararre a kusa, misali cikin waɗanda suka kammala Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, domin ka same shi ranar da ta lalace. Ku rubuta yarjejeniya cewa manhajar da bayananta mallakarka ne, kuma rajistar da sunanka take. Ka tabbatar tana aiki ko babu intanet.

Dillalin da ke da rassa da masu saye daga nesa zai iya mayar da kuɗinsa. Mai shago ɗaya kuwa, littafi da waya sun wadatar. Daidai ruwa, daidai tsaki.