Allo Ɗaya, Shafuka Uku

'Ya'yana masu gina manhajar waya, ku matso in gaya muku abin da na daɗe ina gani a aikinku. Na san shi sarai, domin ni ma na taɓa faɗawa cikinsa.

Shekarun baya na yi wa wani mai shago manhaja mai shafuka uku a ƙasa: sababbin oda, kayan da ke hanya, da kayan da aka kai. Duk jeri ne iri ɗaya. Don in gama da wuri, sai na kwafi allon farko na liƙa sau biyu. Bayan wata biyu aka ce in gyara yadda farashi ke fitowa. Na gyara a shafi biyu, na manta da na uku, har wani mai saye ya ga kuɗi iri biyu a kan kaya ɗaya, ya zaci cuta ce. Laifina ne, amma mai shagon ne ya sha kunya. Sauri ya haifi nawa.

Tun 1999 Andrew Hunt da David Thomas suka yi gargaɗi a littafinsu The Pragmatic Programmer cewa kowane sani ya zauna wuri ɗaya tak a cikin tsari. React Native, wanda Facebook ya saki a 2015, an gina shi ne don a rubuta tubali sau ɗaya a yi ta amfani da shi. A React Navigation, mai kula da sauya shafuka a React Native, kuna iya miƙa allo ɗaya ga shafuka uku, kowanne da sunansa, ku ba kowanne nasa bayanin ta initialParams. Allon ya duba wanda ya kira shi, ya ɗauko jerin da ya dace. Gyara ɗaya ya wadatar.

Sai dai a nan ne yawancinku ke tuntuɓe. Rubutun ɗaya ne, amma kowane shafi da tasa ƙwaƙwalwar. Idan kuka tara inda mutum ya tsaya da abin da ya rubuta a akwatin nema a ma'aji guda ba tare da rarrabewa ba, zai nemi shinkafa a shafin farko ya tarar da ita ta bi shi na biyu. Haka kuma shafin da aka buɗe sau ɗaya ba ya rufewa don an koma wani. Yana nan a bayan fage. Wanda ya sa a ɗauko bayanai lokacin buɗewar farko kaɗai, tsohon labari zai riƙa nuna wa mutane. Don wannan aka tanadi useFocusEffect, mai aiki duk lokacin da aka dawo shafin. Ku tuna da mai ƙaramar waya da datar da ya saya da guminsa, kada ku sabunta abin da bai canza ba.

Kuma kama da wane ba ta wane. Idan allon naku ya cika da "in shafi kaza ne yi kaza" har shida ko bakwai, ba abu ɗaya ba ne tun asali. Ku raba su, ku bar musu ƙananan tubalan da suka yi tarayya a kai, kamar katin oda.

Yau da dare ku buɗe aikin da ke hannunku, ku jera allunan da suka yi kama, ku karanta su layi bayan layi kafin ku yanke shawara.