Amrish Puri, Akawun Da Ya Zama Mogambo

A cikin kowane wasan kwaikwayo akwai mutumin da labari ya ke tafiya a kansa, shi a ke kira jarumi. Yara masu kallon fim su kan ce da shi akta. Shi ne kyakkyawa, shi ke samun yarinya, shi ke yin nasara a ƙarshe. Amma jarumi shi kaɗai ba ya yin wasa, kamar yadda sarki ba ya hawan salla shi kaɗai. Dole a sami uba, da alƙali, da mai kanti, da ɗan sanda, da kuma mugun da zai tare wa jarumi hanya, watau wanda yara ke kira bos.

Akwai 'yan wasa waɗanda sana'arsu ke nan. Yau a ga mutum tsoho ne da sanda, gobe a gan shi sarkin ɓarayi, jibi ya fito limami. Duk yaron da ya taɓa liƙa gemun auduga ya fita tashe da watan azumi, yana tafiya a duƙe yana makyarkyata, ya ɗanɗana kaɗan daga cikin wannan aiki. Sai dai yaro na yin nasa dare goma ne ko sha biyar, su kuwa suna yi duk tsawon ransu. A ƙasar Indiya an yi wani gwani a wannan fanni, sunansa Amrish Puri. Tun da ya ke mutanen Kano da Zariya da Kaduna sun daɗe suna kallon finafinan Indiya a gidajen silima, fuskarsa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da yawa ma ba su san sunansa na yanka ba, Mogambo kawai su ke ce masa.

An haife shi ran 22 ga watan Yuni, 1932, a garin Nawanshahr cikin lardin Panjab. A lokacin nan Indiya tana hannun Turawan Ingila, ba ta sami mulkin kai ba sai 1947. Ya yi karatu a Simla, wani gari mai sanyi bisa duwatsu. Yana da yayye maza biyu, Chaman Puri da Madan Puri, waɗanda suka riga shi shiga wasan fim a birnin Bambai, wanda yanzu a ke kira Mumbai. Da ya ƙare karatu sai shi ma ya ɗaura kayansa ya bi sawunsu, yana da nufin ya zama jarumi.

A shekarar 1954 aka gwada shi. Yadda a ke yin gwajin nan shi ne, a tsai da mutum gaban kamara, a ba shi 'yar magana ya faɗa, a ɗauki hotonsa, sa'an nan masu shirya fim su zauna su duba. Suka duba nasa, suka ce bai yi ba. Suka ce fuskarsa ta yi tsauri, ba irin ta jarumi ba ce. Ga ido manya masu kwarjini, ga murya kamar aradu, alhali su abin da su ke nema saurayi mai taushin fuska wanda zai yi waƙa cikin lambu. Yana da shekara ashirin da biyu ke nan aka rufe masa ƙofa.

To, ciki ba ya jiran buri. Sai ya nemi aiki, ya samu a wani ofishin gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, watau asusun da ke biyan kuɗin magani idan lebura ya yi ciwo ko ya ji rauni a wurin aiki. Ya zama akawu. Ya yi aure a 1957, aka haifa masa ɗa da 'ya. Wanda ya gan shi a lokacin nan da safe, ya nufi ofis da takardu a hammata, ba zai ce wannan mutum zai sake waiwayar wasa ba.

Amma ya waiwaya, ta wata ƙofa dabam. A 1961 ya je wurin wani malamin wasan dandamali mai suna Ibrahim Alkazi, haifaffen Indiya wanda iyayensa Larabawa ne. Da Alkazi ya koma birnin Delhi a 1962 don ya shugabanci makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasa, sai Amrish ya zauna hannun Satyadev Dubey. Dubey ya girme shi a sana'a, ko da ya ke a shekaru Amrish ne babba, duk da haka ya ɗauke shi malami, ya bi shi sau da ƙafa. Da rana yana ofis, da an tashi sai ya wuce wurin koyon wasa har dare ya raba. Kuɗin da a ke samu a dandamali ba su taka kara sun karya ba, albashin akawu ke riƙe da gida.

Ya kamata a nan a san bambancin wasan dandamali da wasan fim, gama a nan asirin gwanintarsa ya ke. Shi fim gutsure-gutsure a ke ɗaukarsa. Mutum ya faɗi magana biyu ko uku, a tsaya. In ya yi kuskure a ce ya sake, ko sau goma ne, daga baya a zaɓi wanda ya fi kyau a harhaɗa. Dandamali kuwa ba haka ba ne. 'Yan kallo suna zaune a gabanka, suna ganinka ido da ido. Sai ka haddace maganarka duka tun daga farko har ƙarshe, don in ka manta ba mai cewa a sake. Sai ka koyi ajiye numfashi, ka fitar da murya daga ciki yadda wanda ke bencin ƙarshe zai ji kowace kalma, ba kuwa tare da ka yi ihu ba. Sai ka san inda za ka tsaya, da lokacin da za ka yi shiru, domin wani shirun ya fi magana tsoratarwa. Wannan duka Amrish ya koya, shekara da shekaru. A cikin wani wasa mai suna Andha Yug ya fito a makahon sarki, ga shi kuwa idanun nan nasa su ne abin da a ke fara gani a fuskarsa, dole ya koyi yadda zai buɗe su alhali kamar ba sa ganin kome. A 1979 hukumar kiɗa da wasan kwaikwayo ta ƙasar Indiya ta ba shi lambar girma saboda aikinsa na dandamali.

Fim bai neme shi ba sai da ya kusa shekara arba'in. A 1970 ya ɗan fito a Prem Pujari, a 1971 kuma a Reshma Aur Shera, duka fitowar ba ta da yawa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara gane abin da ke jikinsa shi ne wani mai shirya fim, Shyam Benegal, wanda ya fi son labarin talakawan ƙauye da wahalarsu. Ya sa shi a Nishant a 1975, ya fito a azzalumin mai gonaki wanda ƙauye duka ke tsoronsa. A 1976 ya sake sa shi a Manthan. Wannan fim yana da abin mamaki: manoma masu shanu dubu ɗari biyar na jihar Gujarat su suka tara kuɗin yinsa, kowa ya ba da rupi biyu. Amrish ya fito a mai sayen madara wanda ke danne wa matalauta haƙƙinsu da daɗin baki da bashi.

Ana nan sai aiki biyu ya gagare shi haɗawa. Ya yi kimanin shekara ashirin a ofis, ga albashi tabbatacce kowane wata, ga iyali. Wasan fim kuwa ba shi da tabbas, bana a neme ka, baɗi a manta da kai. Ya ajiye aikin gwamnati, ya rungumi wasa. Ba ƙaramar kasada ba ce ga magidanci mai waɗannan shekaru.

Daga 1980, sa'ad da ya fito a Hum Paanch, sai masu shirya fim suka yi ta rububinsa. Fuskar nan da muryar nan da aka raina a 1954, su suka zama jarinsa. Har Turawa suka neme shi. A fim ɗin Gandhi na 1982 ya fito a wani attajiri Musulmi na Afirka ta Kudu mai goyon bayan Gandhi. A 1984 Steven Spielberg na Amurka ya sa shi a Indiana Jones and the Temple of Doom, ya fito a mugun boka mai suna Mola Ram. Hukumar Indiya ba ta yarda a ɗauki fim ɗin nan a ƙasarta ba, don ta ga labarin yana wulakanta mutanenta, sai aka je Siri Lanka da Ingila aka ɗauka. Saboda wannan wasa Amrish ya aske kansa ƙwal, daga nan kuma ya ci gaba da zama da ƙwalƙwal, gama ya ga kan da ba gashi ya fi sauƙin ɗora masa gashin aro iri-iri. Ya kuma shiga tara huluna daga kowace ƙasa ya je.

Sunan Mogambo ya samo shi ne a 1987, cikin fim ɗin Mr. India. Jarumin, Anil Kapoor, talaka ne mai riƙon marayu, ya sami wata na'ura wadda in ya ɗaura a hannu sai ya ɓace. Mogambo kuwa mugu ne da ke zaune a wani tsibiri yana so ya mallake Indiya. Gashinsa kamar zinariya, rigarsa ta manyan soja, yatsunsa cike da zobba, yana zaune bisa karaga yana ƙwanƙwasa su a hankali. In ya ce wa sojojinsa su faɗa rami mai ruwan guba, sai su faɗa. Duk sa'ad da aka kawo masa labarin wata ɓarna, ya kan ambaci sunan kansa ya ce ya ji daɗi. Magana ɗaya ce, amma kowane karo da irin muryar da ya ke faɗinta, wani lokaci da murmushi, wani lokaci cikin raɗa, wani lokaci da tsawa. Wannan aikin ɗan dandamali ne. Da ɗan koyo aka ba rigar nan da gashin nan, da abin ya zama na dariya kurum.

Da a ce mugu kaɗai ya iya fitowa, da ba a kira shi gwani ba. A 1995 aka yi Dilwale Dulhania Le Jayenge, inda ya fito a Baldev Singh, wani mai kanti a Landan. Fim ya buɗe da shi yana watsa wa tattabaru hatsi, yana begen gonakin Panjab da ya baro. Uba ne mai tsanani, ya yi wa abokinsa alkawarin 'yarsa tun tana jaririya, ya ce kuma ba ya saɓawa, ko da ya ke ita wani ta ke so. A ƙarshe ga su a tashar jirgin ƙasa, jirgi ya fara tafiya da saurayin, uban ya riƙe hannun 'yarsa gam. Yarinya na kuka tana roƙo. Ya dubi saurayin, ya dube ta, sa'an nan ya saki hannun. Kafin ya buɗe baki, 'yan kallo sun riga sun gani a fuskarsa cewa zuciyarsa ta karaya. Wani gidan silima a Mumbai, Maratha Mandir, ya yi fiye da shekara ashirin da biyar yana nuna wannan fim.

Bayan haka ya fito a tsoho marar lafiya a Ghatak a 1996, da dattijon gari a Virasat a 1997, har ya yi wasan ban dariya a Chachi 420. Sau uku ana ba shi kyautar Filmfare ta gwanin mataimakan jarumi, saboda Meri Jung da Ghatak da Virasat. Abin dariya, a da akwai kyautar Filmfare da a ke ba gwanin fitowa a mugu, an sha sa sunansa cikin masu nema, amma bai taɓa samunta ba.

Yara ƙanana su kan ɗauka wanda ya fito a mugu, mugu ne a gidansa. Abokan aikin Amrish Puri sun shaide shi da akasin haka. Mutum ne mai kiyaye lokaci, ya kan iso wurin aiki da maganarsa a haddace, ba ya wasa da ko ƙaramar fitowa. Halin ofis da horon dandamali ba su bar shi ba.

A 2003 ya yi hatsari wurin ɗaukar wani fim, ya ji rauni a fuska. Ga kuma wani ciwon jini da ya kama shi. Duk da haka ya yi ta ƙoƙarin ƙarasa ayyukan da ya karɓa. Ya mutu a Mumbai ran 12 ga watan Janairu, 2005, yana da shekara saba'in da biyu, bayan ya fito a finafinai fiye da 400. Littafin tarihin rayuwarsa, The Act of Life, ya fito a 2006, shekara guda bayan mutuwarsa.

Tambayoyi

1. Don me aka ƙi ɗaukar Amrish Puri a 1954, kuma wane aiki ya kama bayan haka?
2. Faɗi abu uku da ɗan wasan dandamali ke bukatar koyo.
3. Su wane ne suka tara kuɗin yin Manthan? In kowa ya ba da rupi biyu, rupi nawa aka tara duka?
4. Me ya faru a tashar jirgin ƙasa tsakanin Baldev Singh da 'yarsa?
5. Ku rabu uku-uku. Ɗaya ya zama mai kanti, ɗaya mai saye, ɗaya alƙali. In kun gama, ku musanya, kowa ya sake murya da tafiya.