Yadda Ake Koya wa Yara Tarihin Bauta ta Hanyar Tafiya daga Kontagora

A Amurka, wasu iyaye fararen fata kan ɗauki 'ya'yansu lokacin hutu zuwa gidan tarihin baƙaƙen fata da aka buɗe a Washington a 2016, domin su ga sarƙoƙin bayi da idonsu. Magidanci a Kontagora ba ya buƙatar biza kafin ya yi irin wannan, don tarihin yana bakin ƙofarsa. Sai dai nasa ya fi nauyi: a aji ɗaya ana iya samun jikan wanda ya kai hari da jikan wanda aka kama.

Ana farawa tun a gida, kafin a ɗaure kaya. Uwa ko uba su riƙa karanta wa yara littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa bayan sallar isha, kaɗan-kaɗan. Labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa har ya tsinci kansa a hayin Sahara, ita kuma ta bi sawunsa. Yaron da ya ji tausayin Umar ya shirya wa tafiya. A nan ne kuma ake fayyace masa kalmomin da zai ci karo da su: rinji, murgu, fansa, bacucane.

Zangon farko cikin gari ne. A kai su ƙofar fadar Sarkin Sudan, a gaya musu Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Kontagora a 1864. Sannan a faɗi abin da manya suka saba tsallakewa, cewa a zamaninsa da na ɗansa Ibrahim, mahaya sun riƙa afka wa ƙauyukan Kambari da Gwari da Kamuku suna kwasar mutane, har Turawa suka ci garin a 1901. Wannan ne wuri mafi wuya a duk tafiyar. Kuskure ne a ɓoye, kuskure ne kuma a mayar da shi gori. Ranar kasuwa, idan yaro ya ga mace Bakambara ta sauke kayanta, a nuna masa cewa kakanninta suna cikin wannan labari, kuma gaisuwar girmamawa ce ta dace da ita.

Daga nan sai Zungeru, ta hanyar Tegina. Dole a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki, a kuma yi sammako. Zungeru ce ta zama hedikwatar Gwamna Lugga daga 1902, kuma a can aka yi gidan renon bayin da aka 'yanta, galibinsu mata da ƙananan yara. A kango-kangon da suka rage, uba ya bayyana dokar 1901 da ta hana cinikin bayi ta kuma ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilun shekarar ɗa ne. Kada a bar yara su ɗauka Turawa sun zo ne don tausayi kawai. Bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936.

Wanda aljihunsa ya yi nauyi, ya ƙarasa Badagry a Jihar Legas. A gidan tarihi na Seriki Abass akwai ƙananan ɗakunan da aka riƙa cusa bayi a ciki, ga sarƙa mai nauyi da masu jagora kan bar baƙo ya ɗaga. Sai a shiga kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, a taka rairayi da ƙafa har bakin teku inda jiragen bayi suka riƙa jira. A wurin za a gaya wa yara cewa Hausawa ma an kwashe su zuwa Bahia ta ƙasar Barazil, inda suka shirya bore a 1807, kuma bayi Musulmi suka sake tashi a 1835 ɗauke da layu da rubutun Larabci.

Ba kowane bayani ya dace da kowane yaro ba. Ɗan shekara bakwai ya ishe shi ya san an raba uwa da ɗa. Ɗan sakandare kuwa a bar shi ya yi tambaya, ko da mai zafi ce. Idan ya ce, "Baba, mu a wane ɓangare muke?" a ba shi amsar da aka sani tsakani da Allah. In an dawo gida, a tura shi wajen kaka da littafi da biro, ya rubuta sunayen garuruwan da zuriyarsu ta fito.