Hakkin Dabba A Kan Mai Bin Almasihu

Ya ɗan'uwa, kai da ka soma bin tafarkin Ubangiji Yesu, ko ka taɓa tunani a kan jakinka? Ran nan a hanyar Kwandiko zuwa kasuwar Sara na tarar da wani mutum yana jibgar jakinsa da ya durƙushe a ƙarƙashin mangala. Da muka sauke kayan, muka ɗaga akumari, sai ga miki a gadon bayansa, faɗinsa kamar tafin hannu, ƙudaje sun yanyame shi. Na ce masa, "Malam, wannan dabba ba ta da lafiya." Ya ce, "Ai da kuɗina na saye shi."

Gaskiya ne da kuɗinsa ya saya, amma ba shi ya halitta shi ba. Tun a cikin Attaura Allah ya umarci Isra'ilawa su bar sa da jaki su huta ran Asabar tare da mutanen gida. Ya hana a sa wa sa takunkumi sa'ad da ya ke sussuka, domin ya ci daga abin da ya ke wahala a kai. Har jakin maƙiyinka, in ka iske kaya sun danne shi, Fitowa sura 23 ba ta yarda ka wuce ba. To, in haka ne ga jakin maƙiyi, ina ga naka wanda ya ke ɗebo maka ruwa kullum safiya?

Hukuma kuma ta bi baya, ko da ya ke ta makara. A Ingila sai a 1822 majalisa ta yi dokar hana zaluntar dawaki da shanu. A ƙasarmu, dokar laifuffuka ta Arewa wadda aka yi a 1959, ta soma aiki a 1960, ta sa hukuncin ɗauri ko tara a kan wanda ya doki dabba da mugunta, ko ya shirya karon raguna ko faɗan zakaru. Wannan a sashi na 207 ke nan. Sashi na 208 ya kama wanda ya labta wa dabba kayan da suka fi ƙarfinta, ko ya sa ta aiki tana da ciwo ko rauni ko tsufa. Mutumin nan na hanyar Sara ya taka wannan, bai kuwa sani ba. A 2024 shugabannin ƙasashen Afirka da suka taru a Adis Ababa suka hana yanka jakuna saboda fatarsu, gama cinikin fata zuwa ƙasar Sin yana ƙarar da su.

Amma kada ka ruɗi kanka. Ɗan sanda ba ya bin ka gona, san huɗa kuwa ba shi da bakin kai ƙara wurin alƙali. Maƙwabtanka ne ke gani, Musulmi ne kuwa yawancinsu, su ma addininsu ya hore su da jin ƙan dabba. In sun ga wanda ya ke raira waƙa ran Lahadi yana karya sanda a kan saniya ran Litinin, me za su ce game da Ubangijinsa?

Na san abin da za ka ce: talauci ne, in jaki ya kwanta gida ba a ci tuwo ba. Ban raina wannan magana ba, gama ni ma ɗan manomi ne. Amma miki ba ya warkewa a ƙarƙashin akumari. Ka wanke shi da ruwan gishiri mai ɗumi, ka bar bayan a buɗe, ka nemi malamin dabbobi in ya ƙi kamewa. Kafin nan ka zo majami'a ka faɗa mana; wanda ya ke da jaki ko amalanke a cikinmu ya ara maka har naka ya warke. Kai kuma da aka ara wa, ka shayar da shi kafin ka sha, ka mai da shi da hasken rana.