Yadda Ake Kai Kundin Mastas Gaci a Fannin Gudanar da Mulki

Kafin ka sayi fom, ka san abin da kake nema da wannan digiri. Jami'o'in da ke koyar da gudanar da harkokin gwamnati, irin su Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashenta na Kongo a Zariya ya samo asali daga makarantar horar da akawuna ta 1947, suna da hanya biyu. MPA ta ma'aikaci ce mai neman ƙwarewa da ƙarin girma a ofis. MSc kuwa ta mai son koyarwa ce ko zarcewa karatun dokta. Akan sami wanda ya gama MPA, ya nemi gurbin dokta, a ce masa sai ya koma ya yi MSc. Mai HND ko digiri a wani fanni daban yakan fara da difloma ta gaba da digiri.

Shekarar farko ta aji ce, zango biyu. A yawancin jami'o'in Najeriya maki 50 ne mafi ƙarancin ci a wannan mataki, kuma ana haɗa makin jinga da gwaji da na jarrabawa. Darasi guda ne nake roƙon kada ka yi masa karatun cin jarrabawa kawai, wato dabarun bincike. Duk abin da ka tsallake a cikinsa zai tare ka ranar difens, wato ranar kare kundi.

Daga nan sai zaɓen maudu'i, kuma a nan ne kundi yake rayuwa ko ya mutu. Ɗalibi zai zo da "cin hanci da rashawa a aikin gwamnati a Najeriya", yana ganin ya ɗauko babban abu. Ba a tauna taura biyu a baki, balle ƙasa mai jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774. Ɗauki manufa ɗaya, hukuma ɗaya, da shekaru ƙayyadaddu. Alal misali, yadda asusun bai-ɗaya na TSA, da aka tilasta amfani da shi a 2015, ya shafi sakin kuɗin aiki a wata hukumar tarayya guda. Ko yadda tsarin biyan albashi na IPPIS, da aka fara a 2007, ya yi da matsalar ma'aikatan bogi a ma'aikata ɗaya. Ko abin da ya canja a ƙananan hukumomi uku daga cikin 44 na Kano bayan hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi.

Kafin ka miƙa maudu'in, yi wa kanka tambaya ɗaya: a hannun wa bayanan suke, kuma zai ba ni? Wannan fanni ya sha bamban da sauran, domin abin da kake bincike yana cikin fayil, fayil yana hannun ma'aikacin da aka horar da shi a kan riƙe sirri. Je ofishin da ƙafarka tun kafin ka rubuta layi ɗaya. Karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, ka kai wa babban sakatare ko daraktan mulki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatarka, amma a ganina ka ajiye ta a matsayin makami na ƙarshe. Sallama da ladabi sun fi saurin buɗe kabad. In ƙofa ta ƙi buɗuwa, canja maudu'i tun da sauran lokaci.

Furofozal yakan ƙunshi babi uku na farko. Rubuta matsalar a sakin layi biyu ko uku, da hujja. Daga cikinta ka fitar da tambayoyi uku ko huɗu, kowace tambaya da manufarta guda, da kalmomi kusan iri ɗaya. Wannan zaren shi masu jarrabawa za su bi har babi na biyar. A babi na biyu kada ka jera sunayen marubuta kamar kiran rajista. Nuna inda suka saɓa da inda suka bar giɓi. Mai nazarin gyaran aikin gwamnati dole ya san rahoton Udoji na 1974, da gyaran 1988 na zamanin Babangida, da rahoton Oronsaye na 2012. Mai nazarin ƙananan hukumomi ya fara daga gyaran 1976, in kuma zai koma zamanin En'e, akwai Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, duk a Kaduna. Ka'idar da ka ɗauko, ko ta Weber ce, sai ta yi aiki wajen fassara sakamakonka, in ba haka ba ado ce.

Malamin da ke duba aikinka yana da ɗalibai da yawa. Kai masa babi ɗaya-ɗaya, ka ajiye kwafin da ya yi wa jan biro, ka dawo da shi tare da wanda ka gyara. Kada ka ɓace wata shida sannan ka bayyana kana neman sa hannu cikin mako guda.

Wajen tattara bayanai, yawan mutanen da za ka tambaya sai da dalili. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 ya ba da mutum 384 ga jama'a mai yawan gaske. In ma'aikatan hukumar ba su wuce ɗari biyu ba, adadin zai ragu sosai. Takardar tambayoyi kaɗai ba ta isa ba, domin ma'aikaci mai tsoron shugabansa yakan zaɓi amsar da ba za ta jawo masa magana ba. Haɗa da hira, musamman da waɗanda suka yi ritaya, su ne ke faɗin gaskiya ba shakku. In talakawa za ka tambaya, fassara tambayoyin da harshensu. Kuma don Allah kada ka zauna a ɗaki ka cike takardun da kanka. Ha'inci ne, kuma sakamakon ƙarya kan iya zama hujjar da wani zai kafa manufa a kai. Ko wani ya taya ka da manhajar SPSS, zauna kusa da shi har ka iya bayanin kowane jadawali da bakinka. Jami'o'i da dama suna tace kundi da manhajar Turnitin, saboda haka rubuta da kalmominka, ka ambaci mai magana bisa tsarin da sashenku ya amince da shi, galibi APA.

Difens hawa-hawa ne: na furofozal, na cikin gida, sannan na ƙarshe gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Shirya takarda guda mai layi huɗu: tambaya, yadda ka bincika, abin da ka gano, shawarar da ta fito daga ciki. Shawarar da ba ta da tushe a babi na huɗu, cire ta, ko da ta yi daɗin ji. Kusan kullum akan tambayi me ka ƙara wa ilimi. Amsa da jimla biyu, ka nuna shafi. In an kama ka da kuskure, ka karɓa, ka rubuta. Ka roƙi aboki ya zauna yana rubuta duk gyaran da aka ambata, domin kai hankalinka yana kan amsa.

Gyaran yana da wa'adi. Gama shi cikin makonnin farko, ka kai wa malamin cikin gida da ya jarraba ka ya tabbatar, sannan a ɗaure kundin a miƙa wa makarantar karatun gaba da digiri. Sakamako ba ya fita sai majalisar dattawan jami'a ta amince, don haka ka riƙa bibiyar fayil ɗinka har ka ga sunanka a jerin.