Tafiya Gwanjon Tsofaffin Motoci: Kada Nisan Hanya Ya Yi Maka Ciniki

Wani mai karatu da ke zaune a birnin Houston na jihar Texas a Amurka ya aiko da tambaya. Ya ce ya tara dala 40,000, ransa na kan Ford Mustang ƙirar 1966, kuma yana so ya tuƙa mota zuwa gwanjon Barrett-Jackson da ake yi kowane watan Janairu a Scottsdale, jihar Arizona. Shirinsa shi ne ya tafi da abokinsa, in ya saya abokin ya dawo da motar da suka je da ita, shi kuma ya biyo shi a cikin Mustang ɗin. Yana tambaya ko shirin ya yi.

Malam, rabinsa ya yi. Zuwa da kai ya fi saƙo, musamman a harkar motar da ta doshi shekara sittin, wadda hoto ke ɓoye duk aibinta. Amma akwai tarko a cikin tafiyar kanta, kuma shi nake so ka fara ganewa kafin mu zo kan batun ƙarfe. Daga Houston zuwa Scottsdale kusan kilomita 1,900 ne. Wanda ya sha wannan hanya, ya biya mai da masauki, ya sanar da iyali da abokai cewa ya tafi sayo mota, da wuya zuciyarsa ta yarda ya koma hannu rabbana. Kunyar dawowa ba komai ita ce ke ɗaga hannun mutum sau biyu ko uku bayan kuɗin ya wuce inda ya ƙudurta. Masu gwanjo sun san haka sarai. Kiɗa da fitilu da saurin bakin mai shela, da yaransa da ke tsayawa a gabanka suna zuga ka ka ƙara, duk an shirya su ne don kada ka samu sararin yin lissafi.

Maganin abin shi ne ka yi lissafin tun kana gida, ka rubuta shi a takarda. Kuɗin da aka buga guduma a kansa ba shi ne kuɗin motar ba. Akwai la'adar kamfani a kan mai saye, wadda a Barrett-Jackson kashi 10 cikin 100 ce ga wanda ya halarta da kansa. Mustang ta 1968 ɗin nan da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt, da aka sayar a gwanjon Mecum a Kissimmee ta jihar Florida a Janairun 2020, an buga mata guduma a kan dala miliyan 3.4, amma mai saye miliyan 3.74 ya biya. Naka lissafin ma haka yake, sai dai ƙarami. In ka taya har dala 40,000, la'ada za ta kai ka 44,000, harajin mota na Texas kuma, kashi 6.25 cikin 100, ya ƙara 2,750. Ka ga ka zarce da kusan 7,000 alhali motar ba ta ko motsa daga Arizona ba. Iyakarka ta gaskiya ita ce wajen 32,000. Da la'ada da haraji ta zama 37,400, saura 2,600 na dako da gyaran farko, kuma ko hakan a takure ne. Ba wa abokin tafiyarka wannan takarda. Aikinsa na ranar ke nan: ya riƙe maka hannu in an kai lambar.

Ka kuma san irin gwanjon da za ka shiga. Barrett-Jackson, wanda Tom Barrett da Russ Jackson suka fara a 1971, ya yi suna ne da sayar da akasarin motocinsa ba tare da mai mota ya gindaya mafi ƙarancin farashi ba. A kara, in ka taya sa, mai shi na iya cewa albarka ya ja abinsa. A nan babu albarka: wanda ya yi tayin ƙarshe shi ne mai mota, ko da wasa yake yi. Haka nan babu mayarwa. Yadda ka gan ta haka ka saye ta, kuma ba za a ba ka makulli ka zaga gari ka gwada ba. A wasu gwanjon da ke da ƙayyadadden farashi, ƙa'idarsu kan ba mai shela damar yin tayi a madadin mai mota har a kai kusa da farashin, don haka kana iya yin takara da wanda babu shi a zauren. Karanta ƙa'idojin kafin ka sa hannu. Rajistar mai tayi ma ba a ƙofa ake fara ta ba. Ana biyan kuɗi, ana neman shaidar cewa kana da abin biya, kamar wasiƙar lamuni daga banki ko kuɗin ajiya, kuma banki ba ya gaggawa don kai kana gaggawa. Fara tun watan Disamba, tare da kama masauki, domin a Janairu mutanen jihohin arewa kan cika yankin suna gudun sanyi, ga kuma RM Sotheby's da Bonhams da su ma kan yi nasu gwanjon a daidai lokacin.

Ita hanyar ba ta da wuyar ganewa, babbar hanya ce guda, I-10, ta San Antonio da El Paso da Las Cruces da Tucson. Raba ta kwana biyu. Bayan San Antonio gidajen mai suna nisa da juna, saboda haka kada ka bari tanki ya sauka ƙasa da rabi, musamman tsakanin Fort Stockton da Van Horn. Akwai shingen jami'an kan iyaka a yammacin Las Cruces, da wani a Sierra Blanca in za ka dawo, don haka takardun zamanka su kasance a jikinka. Kusa da Lordsburg a New Mexico guguwar ƙura kan rufe hanya har mutum ya kasa ganin gabansa. In ta taso, sauka daga kan titi gaba ɗaya ka kashe fitilu ka jira.

Ka isa aƙalla kwana ɗaya cikakke kafin ranar motar da kake so. Wannan ranar ita ce dalilin tafiyar. Tafi da tocila da ƙaramin maganaɗisu da tabarmar da za ka kwanta a kai, domin abin da ya fi muhimmanci yana ƙarƙashi. Mustang ta wancan zamani tsatsa kan ci ta a ƙasan da ake taka ƙafa, da ƙarafan da ke riƙe da ita ta ƙasa, da kuma ramin iska da ke gaban gilashi, inda ruwa ke kwanciya ya huda ya riƙa zuba cikin mota. Gyaran wannan wuri na ƙarshe aiki ne mai cin kuɗi, saboda sai an yanke an yi walda. Taɓa darduma ka ji ko da danshi. Bi gefen ƙofofi da bayan tayoyi da maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe ba ne a ƙarƙashin fentin, ciko aka yi.

Sai lambar mota, wadda ita ce ke tona asirin masu kwaskwarima. Lambobin yanzu masu harafi da alƙaluma 17 sun fara ne daga 1981, shi ya sa kamfanonin adana tarihin mota irin su Carfax ba su da tarihin motar 1966. Tata guda 11 ce, an buga ta a jikin ƙarfen da ke gefen inji ta ɓangaren direba. Dubi na biyar. Harafin T na nufin an ƙera ta da inji mai silinda shida, C da A da K kuma injin V8 ne mai lamba 289, K ɗin shi ne mafi ƙarfi da tsada. In ka ga T a lamba, ka ga V8 a ƙarƙashin bonet, to an sauya inji. Ba laifi ba ne in an faɗa, amma kada ka biya kuɗin ta asali. Haka duk wadda aka liƙa wa tambarin GT alhali harafinta ba A ko K ba ne, ado kawai aka yi mata. Kada kuma agogon tafiya ya ruɗe ka. Gida biyar gare shi, in ya kai mil 99,999 sai ya koma sifili. In ba ka saba da waɗannan ba, ɗauki makanike mai zaman kansa ya duba maka. Kuɗinsa bai kai na ƙofa ɗaya mai tsatsa ba.

Batun tuƙo ta zuwa gida kuwa, ban goyi baya ba ko kaɗan. Motar gwanjo sau da yawa ta yi shekaru a gareji, tafiyarta ba ta wuce daga tirela zuwa dandamali ba. Tiyo ya bushe, lagireto ya toshe, tayoyi na sheƙi amma sun tsufa (alƙaluma huɗun ƙarshe na lambar DOT a jikin taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta). Man fetur na yanzu mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne birki. Mustang ta 1966 layin man birki ɗaya gare ta, sai a 1967 Ford ya raba shi biyu. In tiyo ɗaya ya fashe, birkin ƙafafu huɗun ya tafi tare, a hanyar da doka ta yarda a yi gudun mil 80 a awa a yammacin Texas. Kamfanonin dako na da rumfuna a filin gwanjon. Tambayi farashinsu tun kafin ka taya, ka kuma tambayi ofishin gwanjo yadda harajin Arizona ke shafar wanda ya karɓi mota a can da wanda aka yi wa dakonta zuwa wata jiha. Takardar mallaka ma ba lallai ka samu a ranar ba, takan biyo baya ta gidan waya. Kira kamfanin inshora ya rufe motar daga lokacin da ta zama taka.

In kuma a ranka akwai niyyar wata rana ka aika da ita gida Najeriya, binciki dokar kwastan tukuna, domin akwai iyakar shekarun motar da aka yarda a shigo da ita.

Motoci masu sauƙin kuɗi a farkon mako ake fito da su, manyan kuma Juma'a da Asabar, lokacin da kyamarorin talabijin da 'yan kallo suka cika wuri. Zaɓi mota uku ko huɗu daga kundin gwanjon, kada ka kafe a kan guda. In duk sun wuce lambarka, ka bar su. Ford ya ƙera Mustang sama da 600,000 a shekarar 1966 kaɗai, kuma Mecum kan kawo nasa gwanjon har cikin Houston, inda kuɗin dakon da ka ware zai koma cikin kuɗin tayi.